Yadda baƙinmu za su tsira daga 'yan sane a Makka, Madina da Jidda

Alhaji Garba, Misfala:
Assalamu alaikum wa rahmatullah. 'Yan'uwa, wata magana ce ta hana ni barci tun daren Juma'a, kuma ina roƙon duk mai abin faɗa ya faɗa, domin azumi ya ƙarato kuma baƙinmu sun fara sauka. Kawuna ya zo Umara daga Funtuwa, dattijo ne da ya haura shekara 70, kuma wannan ne zuwansa na farko. Na raka shi ya yi ɗawafi da sa'ayi lafiya lau, amma washegari bayan La'asar sai ya fita shi kaɗai bai sanar da ni ba, wai ransa ba zai kwanta ba sai ya sumbaci Hajarul Aswad. Ya ɗaura bel ɗinsa a kan riga, duk guzurinsa yana ciki, riyal 2,300 da dala 200. Ya dawo bayan Isha'i yana ta murna, sai da muka tsaya shan shayi a Titin Ibrahim Khalil ya zuge aljihun bel ɗin zai biya, ya ga yatsunsa sun fito ta ƙasa. Ni tela ne, shekara 28 ina riƙe da almakashi a garin nan na Makka, kuma na duba yankan da idona: reza ce aka ja sau ɗaya, miƙe sak, ko rigarsa ba a karta ba. Kuɗin kam mun haɗa masa, amma abin da ya ci mini rai shi ne yadda ya zauna a bakin titi yana maimaita cewa, "Garba, ashe a gaban Ɗakin Allah ma ana yi?" Ina ganin laifin nawa ne, domin ban taɓa zaunar da shi na gaya masa ba. To, me ya kamata mu da muke zaune a nan mu riƙa gaya wa baƙinmu tun daren da suka sauka?

Malam Nuhu, Madina:
Wa alaikumus salam. Alhaji, Allah Ya mayar wa Kawu da mafi alheri. Tambayar da ya yi ita ce tushen maganar, domin yawancin mutanenmu suna zuwa da zaton cewa ƙasa mai tsarki ba ta ɗaukar ɓarawo. Tsarkin wuri ba ya canza zuciyar kowane mai shiga cikinsa. A cikin hadisin sallar kisfewar rana da Muslim ya ruwaito daga Jabir, Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ba da labarin wani mutum da ya gani a wuta, wanda yake yi wa mahajjata sata da sandarsa mai lanƙwasasshen kai. In an gan shi sai ya ce kayan ne suka maƙale a sandar, in ba a lura ba sai ya wuce da su. Ke nan sane a wurin aikin Hajji ya girmi kakannin kakanninmu. Wanda ya san wannan ba zai ɗauki taka-tsantsan a matsayin munana zato ga baƙin Allah ba.

Baba Idi, Jarwal:
Malam Nuhu, na ji bayaninka, amma ina tsoron kada mu cika zukatan bayin Allah da fargaba. Mutum ya tara kuɗi shekara da shekaru, wani ma gona ya sayar, ya zo zai gana da Ubangijinsa, sai mu ce masa ya yi ɗawafi hannu ɗaya a kan aljihu? Na shigo Makka tun kafin a yi faɗaɗawar Sarki Fahad, kuma ko allura ba a taɓa ɗauke mini ba. Abin da aka rubuta zai same ka ba ya wuce ka.

Malam Nuhu, Madina:
Baba, Allah Ya ƙara girma. Ba na jayayya da maganarka ta ƙaddara, sai dai ka tuna mutumin da ya tambaya ko ya ɗaure raƙumarsa ko ya sake ta ya dogara ga Allah, aka ce masa ya ɗaure ta kuma ya dogara. Sannan ni a ganina wanda ya bar kuɗinsa a masauki shi ne yake samun natsuwar da kake nema masa, domin ba shi da abin da zai dafe. Mai ɗauke da riyal 20 da katin otal shi ne yake ɗawafi zuciyarsa a sake.

Hajiya Rabi, Shari'a Mansur:
Ni zan yi magana a kan mata, domin su nake hulɗa da su kullum a wurin sayar da abinci, kuma kukansu a kunnena yake ƙarewa. Babbar matsalarmu ita ce jakar rataye. Mace za ta rataya ta a kafaɗa a kan hijabi, da ta shiga cunkoso sai jakar ta koma bayanta, ita tana gaba tana addu'a, jakar tana baya a hannun jama'a. Wata kuma za ta ajiye jaka a gefenta ta tayar da salla, tana sujada an ɗauke. Ina gaya musu su rataya ƙaramar jaka a wuya a ƙarƙashin hijabi, ta kwanta a kan ƙirji, kuma idan za su yi salla su sa babbar a gabansu tsakanin gwiwa da wurin sujada. Iyayenmu da suke ɗinka ɗan tofi mai aljihu sun fi mu dabara, domin ban taɓa jin an yanki ɗan tofi a wurin ɗawafi ba. Duk wadda ta sauka a wurina, abu na farko da nake yi shi ne in kai siket ɗinta na ciki wurin tela a yi masa aljihu mai zif ta ciki.

Akwai kuma wani wuri da ba a cika ambata ba, wato banɗakunan da ke ƙarƙashin harabar Harami. Mutum zai cire bel ko jaka ya rataya a saman ƙofa ko ya ɗora a kan katangar wurin alwala, ya sunkuya wanke ƙafa, kafin ya ɗago babu. Bara wata baiwar Allah daga Zariya ta cire awarwaronta biyu da zobe za ta yi alwala, ta ɗora a kan dakali, wata mata ta tambaye ta hanyar fita da hannu, ta juya ta nuna mata, shi ke nan. Gwal ɗin da ta saya wa 'yarta na aure ne. Ban san dalilin da zai sa mace ta shiga taron dubban mutane da gwal a hannu ba, alhali akwai akwatin ajiya a masauki.

Bashir, Riyad:
Hajiya ta yi gaskiya. Ni shawarata ita ce a daina yawo da tsabar kuɗi gaba ɗaya. A ƙasar nan ko ruwan riyal ɗaya za ka saya a baƙala, wato ƙaramin shagon unguwa, akwai na'urar karɓar kati. Idan kati ya ɓata, minti ɗaya ya isa ka rufe shi ta manhajar banki a waya, amma takardar riyal 500 idan ta tafi ta tafi ke nan.

Alhaji Garba, Misfala:
Bashir, maganarka ta dace da mu masu iƙama, wato katin izinin zama, da katin banki na mada, amma ka dubi wanda muke magana a kansa. Kawuna ko karatun boko bai yi ba, wayarsa ma ƙarama ce mai maɓalli. Alhazan Najeriya na 2024 dala 500 aka ba kowannensu na guzuri, wanda in ka canza a kan riyal 3.75 bai wuce riyal 1,875 ba, kuma da shi mutum zai yi kusan wata guda, har ya sayi tsaraba. Irin wannan mutumin kuɗinsa a hannu suke, kuma yana jin in ba a jikinsa suke ba to ba su tsira ba. Abin da nake ganin zai yiwu shi ne a koya masa rabawa, domin gida biyu maganin gobara. Kaso mafi yawa ya zauna a akwatin ajiya na otal ko a hannun amintaccen jami'in alhazai, a rubuta a sa hannu a gaban shaida, sannan na kashewar yini ya zama ƙananan takardu, 'yan biyar-biyar da goma-goma, a aljihun gaba. Kuma a daina fito da damin kuɗi a gaban mai shago ana lissafi, domin ɗan sane ba ya yanka a makance, sai ya ga inda aka mayar da kuɗi tukuna.

Bashir, Riyad:
Na karɓi gyara, Alhaji. Amma ga masu kati ina ƙara jan hankali cewa ana iya cire ƙananan kuɗi da shi ta hanyar ɗora shi a kan na'ura ba tare da lambar sirri ba, saboda haka kada a ce sai an koma masauki za a rufe shi. Kuma kada a rubuta lambar sirri a takarda a cusa ta a jaka ɗaya da katin, abin da na sha gani a wurin iyayenmu.

Usman, Jidda:
Ni direba ne, a Karantina aka haife ni kafin a rushe unguwar, kuma aikina shi ne kai baƙi yawon ziyara da sayayya. Ina so a gane cewa wanda ya tsira a Harami yakan saki jiki idan ya zo kasuwa, a nan kuma ake samunsa. Balad, wato tsohon garin Jidda, ta zama wurin 'yan yawon buɗe ido tun da aka sa ta cikin wuraren tarihi na duniya a 2014, kuma lungunanta da na Bab Makka da Bab Sharif matsattsu ne, bayan Magariba kafaɗa na gugar kafaɗa. Abin da ya fi tafiya a can waya ce. Baƙo zai ɗauki hoton tsofaffin gidajen nan masu tagogin katako, ya cusa wayar a aljihun gefe na jallabiyya, wanda bakinsa a buɗe yake kamar bakin buhu, sannan ya cika hannuwansa biyu da ledojin dabino da turare. Wanda hannunsa biyu suke cike ba shi da abin kare aljihu.

Game da fizge kuwa, kada mutum ya tsaya a bakin titi yana waya da hannun da ke ɓangaren motoci, kuma mace ta mayar da jakarta ɓangaren gini. Idan har an fizga, a saki. Na taɓa kai wata hajiya asibiti da gocewar kafaɗa saboda ta riƙe igiyar jaka an ja ta a ƙasa, kuma abin da ke cikin jakar bai kai kuɗin maganin ba. Haka nan a mota, kada a bar jaka a kan kujera a fita salla a hanyar Madina, ko da kuwa minti biyar ne. A Uhudu da Ƙuba ma, wurin da ake cincirindo a kan masu tallar dabino da carbi, ina tsayawa ne a bayan fasinjojina ina kallon hannaye.

Hajiya Rabi, Shari'a Mansur:
Usman, ka tuna mini da wani abu. A koya wa baƙi kalma ɗaya ta Larabci. In ka yi ihun "ɓarawo" a nan ba wanda zai waiwayo sai ɗan'uwanka Bahaushe. Kalmar ita ce "harami". Mutanenmu sukan rikice domin mu tufafin aikin Hajji muke kira harami, amma a bakin Balarabe ɓarawo ke nan, kuma da askar, wato jami'in tsaro, ya ji zai nufo wurin.

Malam Sale, Kudai:
Akwai ɓangaren da kowa yake kewayewa, ni kuwa zan faɗe shi ko da zai yi ɗaci. Yawancin dattawan da na ga an cuta, ba reza ce ta ci su ba, harshe ne. Tsoho ya ɓace hanya, ya gaji, ba ya jin Larabci, sai ya ji an ce masa, "Sannu Baba, daga wace jiha?" Nan take zuciyarsa ta sake. Sai a ce za a taimaka masa canjin dala a farashin da ya fi na shago, a karɓi takardun ɗari-ɗari a ƙirga a gabansa, a ce farashin bai yi ba a mayar masa, sai ya koma masauki ya tarar an musanya masa da takardun dala ɗaya-ɗaya, tunda launinsu da girmansu kusan ɗaya ne a idon wanda bai saba ba. Wani kuma za a ce masa ana bincike a gaba, ya kawo a riƙe masa. Dole mu gaya wa baƙinmu cewa jin Hausa a bakin mutum ba shaidar amana ba ce, kuma canji a shagon canji mai lasisi ake yin sa, a karɓi rasit.

Maryam, Hindawiyya:
Baba Sale, da girmanka, wannan maganar ta taɓa ni, kuma ina roƙon a yi mini uzuri idan na yi tsawo. A Makka aka haife ni, a nan aka haifi mahaifiyata, kakanmu kuwa da ƙafa ya zo ta Sudan ya tsallako teku daga Sawakin. Duk da haka, duk ranar da aka yi sata a kusa da mu, mu ake fara kallo, a ce ai takari ne, wato mu 'yan asalin Afirka ta Yamma mazauna nan. A azumin da ya wuce na ga wata tsohuwa tana kuka a kusa da Ƙofar Sarki Abdul'aziz ta rabu da ayarinta, na matsa na yi mata magana da Hausa, sai ta ƙanƙame jakarta ta ja da baya, ta ce an gargaɗe su tun daga gida kada su kula 'yan takari. Na tsaya nesa da ita kusan awa guda ina gadinta har jami'insu ya zo, ban ƙara ce mata komai ba, amma na yi kuka a hanyar gida. Masu sane a garin nan daga ƙasashe daban-daban suke, wasu ma da bizar Umara suke shigowa domin wannan aikin kawai su koma. Idan muka ce a guji duk mai jin Hausa, to wa zai nuna wa tsohon da ya ɓata hanyar Misfala da ƙarfe biyu na dare?

Malam Sale, Kudai:
'Yata Maryam, ki yafe mini idan maganata ta yi miki ciwo, ni ma nan 'ya'yana suka tashi kuma abin da ake faɗa a kanki ana faɗa a kansu. Amma ba zan janye ba, domin wake ɗaya shi ke ɓata gari, kuma ɓoye shi ba zai gyara garin ba. Ban ce a guji mai jin Hausa ba. Abin da nake nufi shi ne a ba baƙo ma'aunin da zai rarrabe. Mai taimakon gaskiya zai nuna maka hanya, zai kira maka lambar da ke jikin katinka, zai raka ka wurin askar, kuma duk wannan ba ya bukatar ka buɗe jaka. Duk taimakon da ya biyo ta kan kuɗinka, ko fasfonka, ko ya ce ku koma wani lungu, a nan za ka tsaya. Ke da kika tsaya gadin tsohuwar nan ai ba ki nemi ta ba ki komai ba.

Maryam, Hindawiyya:
Wannan ma'aunin na yarda da shi, Baba, kuma da haka ake faɗa a wurin bitar alhazai a gida da ban yi ƙorafi ba. Abin da nake roƙo shi ne masu bita su daina ambaton takari a dunƙule, su faɗi siffar aikin mai cuta, domin siffar ce za ta tsirar da alhaji ko daga hannun wa cutar ta zo.

Malam Nuhu, Madina:
Ina so in ƙara wani abu da ya shafi tsaron mutuncin baƙo shi kansa. Kada ya tsinci komai a ƙasa a cikin Harami, ko jaka, ko waya, ko takardar kuɗi. A shari'a ma tsintuwar Makka ba ta halatta sai ga wanda zai yi cigiyarta, kamar yadda ya tabbata a hadisi. A aikace kuma wurin cike yake da kyamarori da jami'ai masu farin kaya, kuma ɗan sane yakan kwashe kuɗi ya yar da jakar. Bawan Allah zai ɗauka da niyyar neman mai ita, sai a same ta a hannunsa, ga shi ba shi da Larabcin da zai kare kansa. Ya nuna wa askar da hannu ya wuce, su za su kai ta ofishin kayan da suka ɓata.

Bashir, Riyad:
Idan kuma abin ya riga ya faru, a Makka da Riyad lambar gaggawa 911 ce, kuma a Harami akwai ofishin 'yan sanda. A daure a kai rahoto a karɓi takarda, ko da ba a sa ran kuɗin za su dawo, domin wanda fasfonsa ya tafi zai bukaci wannan takardar kafin ƙaramin ofishin jakadancin Najeriya da ke Jidda ya ba shi takardar komawa gida. Alhazai suna da sauƙi tunda fasfonsu yana hannun masu kula da su, abin da za su riƙe shi ne katin Nusuk, wato katin shaidar alhaji, amma ɗan Umara fasfonsa yana wurinsa, don haka ya bar shi a masauki ya riƙe kwafi, ya kuma tura hotonsa ga wani ɗan'uwa ta WhatsApp. Mai waya ya danna *#06# ya rubuta lambar shaidar wayar da ta fito a wata takarda daban, ita 'yan sanda za su tambaya. Mu mazauna kuma iƙamarmu tana cikin manhajar gwamnati ta Absher, kuma ɓatar da katin yana jawo tara da zirga-zirga, saboda haka a daren 27 ga azumi da daren saukar Alƙur'ani ni ba na shiga taro da walat ko kaɗan.

Baba Idi, Jarwal:
To, na saurare ku duka. Har yanzu ina nan a kan cewa kada a tsoratar da mutane, amma na yarda a gaya musu cikin natsuwa. Tunda ana maganar taro, ku ƙara da barci. Mutanenmu sukan kwanta a Harami tsakanin Azahar da La'asar saboda nisan masauki, su yi matashi da takalmi su bar jaka a gefe. A Muzdalifa ma haka ne, gajiyar Arfa takan sa mutum ya yi barcin da ko an ɗaga shi ba zai sani ba. Mu a zamaninmu bel a ƙarƙashin harami muke ɗaura shi, aljihun ya dawo kan mara, a naɗe zanen a kansa, kuma idan mu uku ne to ɗaya yana zaune biyu suna barci. Game da Hajarul Aswad kuwa, Garba, ka gaya wa kawunka nuni da hannu daga nesa ya wadatar, a shekarunsa ba kuɗinsa kaɗai nake ji masa tsoro a wannan turmutsitsin ba.

Alhaji Garba, Misfala:
Na gode, Baba, zan isar masa a daren nan, kuma na san daga bakinka zai fi karɓa. Hajiya Rabi, maganar aljihun ciki ta shige ni. Daga gobe duk baƙon da ya kawo wandonsa ko siket shagona zan ɗinka masa aljihu mai zif kyauta har ƙarshen azumi, zif ɗin kawai zai saya. Malam Nuhu, idan za ka iya tsara abin da aka faɗa a nan cikin gajeren saƙon murya, tunda yawancin dattawanmu ba sa karatu, sai Usman ya riƙa kunna wa fasinjojinsa a hanyar filin jirgi. Maryam, ke za ki fara saurarensa kafin a tura wa kowa, ki duba mana kalmomin da aka yi amfani da su.

Maryam, Hindawiyya:
Na amince, Baba Garba. Malam ya turo mini kafin Alhamis, domin akwai ayarin mata daga Kano da za su sauka ranar Asabar a masaukin da yayata take aiki, kuma ina so su ji shi kafin su fita ɗawafin farko.